Mai Wuƙa a Motar Shanu

Babana mahauci ne a Garwa, ubansa ma mahauci, kuma tun ina ɗan firamare ya yanke cewa fawa ta ƙare a kansa. Bai tara kowa ya yi jawabi ba. Kawai dai ya hana ni taka mayanka, ya hana ni zama a bayan teburinsa a kasuwa, in an aike ni da abincinsa sai in tsaya daga bakin rumfa in miƙa. Ko ragon layya ba ya bari in riƙe wa ƙafa. Yakan ce, "Kai hannunka na biro ne." Abokan sana'arsa suna tsokanarsa wai yana kiwon bature a gida, shi kuwa ko a jikinsa. Da naman shanu ya biya mini makaranta tun daga ƙasa har jami'a a Ngaundere, na fito da takardar lissafin kuɗi.

Abin da ba wanda ya gaya mana shi ne, takarda a arewa ake samunta, aiki kuwa a kudu ake rabonsa. Ko da a Figil ko a Marwa za ka yi aikin, manyan da za su dubi fuskarka suna Yawunde ko Duwala, kuma can za ka bi su. Sai a bugo maka waya a farkon mako a ce ana son ganinka kafin ƙarshensa. Yadda za ka zo ba ruwansu. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa ko wata motar daga can, abinci, makwanci, tasi a garin da ba ka san gabas da yammansa ba, sannan ka maimaita duka a dawowa. Can kuma a zauna da kai ɗan lokacin da ko shayi ba zai huce ba, a ce za a kira ka.

Da farko Baba ne yake biya, bai taɓa ɓata fuska ba. Daga baya na fara lura cewa duk makon da na yi tafiya, maimakon ya yanka sa shi kaɗai kamar yadda ya saba, sai ya haɗa da wani su raba. Jarinsa nake ci, ina zuba shi a kan titi. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba.

Akwai wata bishiyar darbejiya a unguwar Poumpoumré inda mu masu takarda ba aiki muke zama, kuma a nan aka kafa makarantar rage kuɗin tafiya. Kowa da fanninsa. Wani ya ƙware a zaman jirgi na masu ƙaramin ƙarfi, ya san taragon da tagarsa take rufuwa. Wani ya san gidan kowane Bahaushe a unguwar Briketeri ta Yawunde da zai ba ka tabarma in ka ambaci sunan ubanka. Mun koyi tafiya da kilishi da dakuwa da garin rogo, mun koyi karɓar saƙon mutane don a ɗan sa mana wani abu a aljihu, mun koyi sauka a gari ranar ganawar da sassafe don kada a biya kwana. Muna da kwat guda da muke karɓa-karɓa, wadda ta fi kowannenmu sanin kudu. Duk da haka kuɗin motar yana nan daram, shi ne ƙashin da ya ƙi tauno.

Kawuna, ƙanen Inna, dillalin shanu ne, mutum mai son a ce shi ya warware matsala. Wata rana ya same ni na yi tagumi a zaure, an kira ni Yawunde, ya ce, "Direkta, kai da kake da mota kyauta kake wannan zaman makoki?"

Na ce, "Wace mota, Kawu?"

Ya ce, "Motar shanu mana. Jibi ake lodi a kasuwar shanu ta Adumri. Mai wuƙarsu matarsa ta haihu, ba zai je ba."

Ga yadda abin yake. Babbar motar da ke kai shanu kudu tana tafiya da direba, da makiyayi mai kula kada wata dabba ta kwanta, don wadda ta kwanta 'yan'uwanta za su tattake ta. Sannan akwai mai wuƙa. Idan dabba ta kasa tashi har ta kama hanyar mutuwa, dole a yanka ta tana da sauran rai, a feɗe ta, a fitar da kayan ciki kafin nama ya lalace. In ba haka ba ta zama mushe, mai shanu ya yi asararta ɗungum. Fulanin da ke rakiya sun san saniya tun daga ƙaho har wutsiya, amma fiɗa ba aikinsu ba ne, kuma ba sa ɓoye cewa sun fi ƙarfinta. Wannan na Hausawa ne. Shi ya sa ake neman mahauci ya hau, ba ya biyan ko dala, a ciyar da shi a hanya, a dawo da shi gida.

Kawu bai tambaye ni ko na iya ba. Mai shanun ma da aka kai ni gabansa bai tambaya ba. Da aka faɗa masa ɗan wane ne, sai ya ce, "Ai shi ke nan." A wurinsu ɗan mahauci da wuƙa a hannu ake haihuwarsa, tambayar ma cin fuska ce. Ni kuma ban ga dalilin gyara musu ba. Na dai ja Kawu gefe na tambaye shi ko ana yawan zare wuƙar. Ya ce, "Haba, sai a yi ta zuwa ana dawowa ba a taɓa ta ba. Kai dai ka zauna ka sha iska ka ga ƙasa." Ya ara mini wuƙaƙe biyu da dutsen wasawa, naɗe a tsumma. Muka shirya za a gaya wa Baba cewa Kawu ne ya ɗauki nauyin motar, wanda in an duba da kyau ba ƙarya ba ce can-can.

Kujerar mai wuƙa katako ne da aka gitta a saman motar, ƙahoni suna ƙarƙashin ƙafarka. Kwat da takardu na sa su a leda, na sa ledar a cikin wata ledar, na ɗaure a bayan kan mota. Muka haye gadar Binuwai cikin zafin da ke narka tunani, muka hau dutsen da ke gaban Ngaundere motar tana nishi, daga nan sanyi ya karɓe mu har Meiganga. Bayan Bertuwa sai daji, bishiyoyi dogaye, jar ƙasa, ruwan sama ba sallama. A kowane shinge jandarma takardun shanu suke dubawa, mu na sama ba wanda ya damu da mu. A Yawunde sai na yi wanka uku da sabulun wanki kafin in daina jin kaina, kuma ko bayan haka idan na shiga tasi wani fasinja yakan sauke gilashi. Araha dai ba ta ado, amma na isa, kuma aljihun Baba bai san na yi tafiya ba.

Makiyayin da nake tafiya da shi wani tsohon Bafillace ne, siriri, mai shuɗiyar riga, wanda ya fi yi wa shanu magana a kan mutane. Bai taɓa tambayar sunana ba. Bangaro yake kirana, wato mahauci da Fillanci. Direban kuwa Kirista ne daga duwatsun wajen Mokolo, mai Hausar kasuwa da son surutu, shi yake saya mana shinkafa da wake a hanya yana ba ni shawarar abin da zan faɗa wa turawan ofis, shi da bai taɓa shiga ofis ba sai na 'yan sanda.

Tafiya ta farko wuƙa ba ta fita daga tsummanta ba. Ta biyu ma haka. Har na fara ɗaga kafaɗa a gindin darbejiya, ni ne wanda ya kai kuɗin mota sifili.

Sai aka kira ni Yawunde ganawar da ta fi duk na baya. Wani kamfanin jigilar kaya ne yake neman mai lissafi a reshensa na nan Garwa. Na riga na ci jarrabawar rubutu, mu kaɗan muka rage. Aiki a gida, in kwana a ɗakina in tashi in sa riga mai guga in tafi ofis Baba yana kallo. Wannan karon har sadakar waina ya yi, ya roƙi limamin unguwa a sa ni a addu'a. Ya so ya biya mini motar fasinja, na ce Kawu ya riga shi.

Da hantsi a rana ta biyu, mun wuce Bertuwa da nisa, muna tsakiyar daji, tsohon ya buga rufin mota da sandarsa. Wani farin bijimi mai babban tozo, wanda yake can baya kusa da ƙofa, ya durƙushe. Tun Meiganga tsohon yake kallonsa yana tsaki. Ya sauka cikin ƙahonin nan kamar mai shiga ɗakinsa, ya murɗa masa wutsiya, ya zuba masa ruwa a kunne, ya yi masa magana a hankali, ya yi masa tsawa. Bijimi ya miƙe wuya ya ajiye kai. Tsohon ya ɗago ya dube ni.

Ya ce, "Bangaro, waddu laɓi." Ko wanda bai ji Fillanci ba ya san wuƙa ake nema.

Mutanen wani ɗan ƙauye da ke bakin hanya suka fito, aka buɗe ƙofar baya, aka sa igiya aka jawo shi ƙasa. Yana numfashi sama-sama, ido yana juyawa. A nan ne, ina tsaye da tsumma a hannu, na ga ya kamata in faɗi gaskiya.

Na ce, "Baffa, ni fa ban taɓa yi ba."

Ya ce da guntuwar Hausarsa, "Kai ba ɗan wane ba?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "To."

Ya kama ƙaho ya murɗa wuyan ya fuskantar da shi alƙibla, ya danne da gwiwa. Ban da shi ba mai iya riƙe kan, ban da ni kuma ba wani Musulmi da ya rage a wurin da zai yanka. Direba yana ta cewa, "Yi sauri, patron mai shanu zai kashe ni, yi sauri."

Na yi bisimilla na yi kabbara na sa wuƙa. Na zaci jinin ne zai ba ni tsoro, ashe sauƙin abin ne. Hannuna ya je daidai inda ya kamata, ƙasa da muƙamuƙi, ya ja ba tare da ya ɗaga ba. Bijimin ya shura ƙafa da ƙarfi, tsohon ya ce, "Alhamdulillahi," don shurin nan shi ne shaidar cewa da rai aka yanka. Shekara da shekaru ina tsaye a bakin rumfa da kwanon abinci, ina leƙe ta bayan katanga ranar layya, ashe duk ina ajiyewa ban sani ba. Na tsaga daga ƙirji zuwa ƙasa, na riƙa cusa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama kamar yadda Baba yake yi, har da ɗan karkata kan da yake yi. A wajen cinya wuƙa ta kuɓuce mini ta huda fatar, na ce a raina wa zai duba.

Aikin ya ci mana wuni. Muka shimfiɗa ganyen ayaba, na fitar da kayan ciki, na raba gangar da addar direba tun da ba barandami. Mutanen ƙauyen suka tafi da tumbi da ƙafafu ladan jan igiya. A garin gaba muka sami wani mahauci Bahaushe, da ma ba garin da ba mu a ƙasar nan, ya kira likitan dabbobi ya duba, ya saye naman a farashin wanda ya san ba ka da zaɓi. Fatar aka barbaɗa mata gishiri aka naɗe, za a mayar wa mai ita. Direba ya bugo wa mai shanu waya yana ihu, rabi Faransanci rabi Hausa, yana cewa yaron nan wuta ne, ko ubansa sai haka. Ina jinsa ina wanke hannu a kwata, ban ce ya yi shiru ba. Na gaji, kuma, in faɗi gaskiya, yabon ya yi mini daɗi.

Na sami ganawar. Washegari da safe ina zaune a gaban mutum uku cikin kwat ɗin gindin darbejiya, yatsuna sun kumbura, jinin gefen farcena ya ƙi fita duk da goga. Ban taɓa amsa tambayoyi da natsuwa irin ta ranar ba. Wanda ya kwantar da bijimi jiya, mutum uku da biro ba sa firgita shi. Wata mata a cikinsu ta tambaye ni abin da nake yi tun da na gama karatu, na ce ina ɗan taimakawa a harkar jigilar kaya tsakanin arewa da kudu. Ta rubuta. Suka ce za su kira ni.

Labari ya riga ni isa Garwa. Da na je kasuwa gaishe da Baba, tun daga layin masu kayan miya mahauta suka fara ɗaga mini wuƙaƙe. Wani ya ce, "Kyan ɗa ya gaji ubansa!" Wani ya ce wa Baba, "Ashe ɓoye mana shi ka yi, kana koya masa a ɗaki." Baba yana sara ƙashi, bai ɗago ba. Da na matso bakin rumfa na durƙusa, ya ce, "Sannu da hanya. Je ka gida." Ya ci gaba da sara.

Bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. A bakin Inna na ji cewa ya je har gida ya sami Kawu, kuma abin da suka faɗa wa juna ya sa Kawu ya daina biyowa ta layinmu. Ni kuwa kullum bayan magariba tambaya ɗaya yake yi mini: "Sun kira?" In ce ba su kira ba tukuna. Ya ce, "Za su kira."

Wayar kuwa tana ta ƙara, sai dai ba daga ofis ba. Masu shanun Garwa sun sami lambata. Duk sanda ta yi ƙara muna zaune a tsakar gida sai in ga Baba ya dakata da tauna, ya ɗago kai. In ɗauka in ji wani Alhaji yana cewa, "Ɗan wane, yaushe kake da wani antiretiyan ɗin, ganawar aikin nan taka, a Yawunde? Ina da lodi." Har wani ya ce in ma babu, ai ba sai da shi ba. In ba su haƙuri in kashe. Baba ya mayar da kansa cikin kwano. Na yi karatu shekaru ba wanda ya neme ni, na yi fiɗa ɗaya gari ya ɗauka.

Bayan wasu makonni wani abokina na gindin darbejiya ya ce ya wuce ta reshen kamfanin nan, ya ga sabon mai lissafi ya fara aiki. Ba su bugo sun ce ban samu ba, da ma ba a bugowa. Na bari sai da Baba ya gama cin abinci sannan na gaya masa. Ya daɗe yana wanke hannu a ɗan kwanon ruwa. Ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari bayan sallar asuba na koma na kwanta, sai na ji an taɓa ƙofa. Baba ne, sanye da rigar aikinsa, jakar wuƙaƙe a kafaɗa.

Ya ce, "Na je na ga fatar nan a wurin mai ita."



Ya ƙara da cewa, "Huda biyu a cinya, ɗaya a wuya. Ka bar nama a jikinta kamar wanda ya feɗe da cokali. Kuma ana nuna wa mutane ana cewa ɗana ne ya yi."

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ya ce, "Motar nan za ka sake hawa, ni da kai mun sani, don ba ni da abin biya maka wata. To ba za ka riƙa ɓata wa mutane fata da sunana ba. Ɗauko tsohuwar riga."

Na ce, "Ai ban daina neman aikin ba, Baba."

Ya ce, "Na sani. Ɗauko rigar."

Muka fita, shi a gaba ni a baya, gari bai gama wayewa ba. Bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Ni dai kaina ban ji wani baƙin ciki ba, aiki ne, kuma na riga na san hannuna yana sonsa. Shi nake tausayi, tausayin da ban taɓa ji wa wani mutum ba, ina kallon ƙeyarsa da yadda ya ɗan sunkuya a ƙarƙashin jakar. A ƙofar mayanka ya tsaya kamar mai neman wani abu a aljihu, bai ciro komai ba, sannan ya shiga.

Da mahauta suka gan mu tare sai wuri ya ɗauki sowa. Suka bar abin da suke yi suka zo suna miƙa masa hannu, suna yi masa barka, suna cewa yau dai Allah ya cika masa buri. Ya amsa wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, yana cewa na gode, na gode. Sannan ya nuna mini inda zan tsaya.